Ɗaura Na'urar GPS a Babur na Doguwar Tafiya: Ina Za Ta Zauna, Me Zai Riƙe Ta?

Duk wanda ya leƙa inda masu manyan babura ke taruwa kafin su kama hanya zai lura da wani ɗan allo mai haske a gaban kusan kowane mahayi. Wani ya ɗaura nasa a tsakiyar kan babur, wani a gindin madubi, wani can sama dab da gilashin gaba. Na wani wayar hannu ce, na wani kuwa na'ura ce mai tsada da aka ƙera musamman don babur. Ka tambaye su dalili, kowa da amsarsa, kowa kuma na ganin tasa ce daidai. Tambayoyi uku ne suka cakuɗe a cikin wannan gardama: mene ne GPS ɗin kansa, wace na'ura ce ta dace da babur, kuma a ina za a ɗaura ta. Ta ƙarshen aka fi rainawa, alhali ita ta fi kusa da ran mahayi, domin inda allon ya zauna shi ke yanke tsawon lokacin da ido zai bar kwalta.

Ma'anar kalmomin da ake yawan ji

GPS taƙaitaccen suna ne na Ingilishi, ma'anarsa tsarin gano inda abu yake a ko'ina a doron ƙasa. Mallakar gwamnatin Amurka ne, sojojinta ke kula da shi. An harba tauraron ɗan Adam na farko na tsarin a 1978, aka bayyana kammaluwarsa a 1995. Taurarin, waɗanda ba sa gaza 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana yana watso saƙo mai ɗauke da lokaci da inda yake. Na'urar da ke gaban mahayi tana auna jinkirin isowar saƙon daga taurari aƙalla huɗu, daga nan ta lissafo inda take. Kafin watan Mayun 2000, da gangan ake rage wa farar hula daidaiton saƙon. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umarnin a daina, shi ya sa a yau wayar hannu ma ke gano wurinta da kuskuren kimanin mita biyar idan a fili take. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, amma baki ya saba da kiran su duka GPS.

A nan ruɗani na farko yake. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sabis ya ɗauke ko data ta ƙare, GPS ya daina aiki. Na'urar saurare kawai take yi, ba ta aika komai sama, ba ta kuma buƙatar layin waya. Abin da ke ɓacewa shi ne taswira, idan daga intanet wayar ke janyo ta. Sai ka ga shuɗin ɗigo yana tafiya a kan farin allo, babu hanya babu sunan gari. Na'urar musamman tana zuwa da taswirarta a ciki, waya kuwa sai an sauke mata tun ana gida.

Babur na doguwar tafiya shi ne wanda aka ƙera don cin dogon zango: babban inji, babban tanki, gilashi mai tare iska, faffaɗar kujera da akwatunan kaya. Honda Gold Wing, wanda ya shiga kasuwa a 1975, da Electra Glide na Harley-Davidson da RT na BMW su ne jiga-jigan wannan jinsi. Akwai kuma 'yan uwansu masu shiga jeji, irin su GS na BMW da Africa Twin na Honda.

Mariƙi kuwa, wato abin da ke riƙe na'urar, kashi uku ne. Akwai gindi da ke damƙe jikin babur, akwai hannu da ke miƙowa, akwai mazauni inda na'urar ke shiga ta kulle. Salon da ya fi bazuwa shi ne na kamfanin RAM Mounts na Amurka: ƙwallon roba mai faɗin inci ɗaya a gindi, wani a bayan mazauni, sai hannun ƙarfe da ke matse su biyun da noti ɗaya. Shi kuma kan babur, ƙarfen da mahayi ke riƙewa, kaurinsa ba ɗaya ba ne. Akwai mai milimita 22, akwai mai 25.4 irin na Harley, akwai mai 28.6 a tsakiya. Wanda ya sayi gindi bai auna ba, shi ne za ka gani yana cusa guntun roba don cike giɓi.

Yadda abin ya faro

Kafin allo ya zo, taswirar takarda ake sakawa a aljihun leda da ke saman jakar tanki, mahayi ya sunkuya ya duba ko ya tsaya ya warware ta. Masu tseren hamada na cikin waɗanda suka fara ɗaukar matsalar da gaske. A gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, wadda kuma ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar, mahaya sun riƙa bin wata doguwar takarda mai naɗi da ke nuna kwana da nisa. Da tafiya ta yi tafiya aka riƙa ɗaga akwatin takardar sama, bisa wani ƙarfe a bayan gilashi, yadda mai gudu a tsaye cikin rairayi zai karanta ba tare da tudun da ke gabansa ya ɓace masa ba. 'Yar sandar ƙarfen nan da ake gani a saman agogon baburan jeji na yau daga wannan tunani ta samo asali.

Kamfanin TomTom na Holan ya fito da Rider a 2005, Garmin na Amurka ya biyo da jerin zūmo a 2006. BMW ya daɗe yana sayar da na'urar Navigator da Garmin ya ƙera masa, tare da mazauni mai makulli da ke zuwa da babur tun daga masana'anta. Honda ya saka taswira a cikin allon Gold Wing, kuma samfurin 2018 ya zo da Apple CarPlay, tsarin da ke nuno abin da ke cikin waya a allon abin hawa. Sai wayar hannu ta shigo ta sauya komai. Google Maps ya buɗe zaɓin hanyar babur a Indiya a 2017, ya kawo shi Nijeriya a 2019. Daga nan maganar mariƙi ta daina zama ta masu manyan babura kaɗai, ta kai ga ɗan achaba da mai kai saƙo.

Sama ko ƙasa: inda gardama ta fi zafi

Lissafin ba shi da wuya. Babur mai gudun kilomita 100 a sa'a yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kallon sakan biyu ga allo na nufin an shafe mita 55 da ɗoriya, fiye da rabin filin ƙwallo, ba tare da ganin gaba ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar da jagora a 2013 tana neman masu ƙera motoci su tsara allunansu yadda kallo ɗaya ba zai wuce sakan biyu ba. Wannan ga mai ƙafa huɗu ke nan, wanda in ya faɗa rami ba faɗuwa zai yi ba.

Dubi mahayin da ya ɗaura na'urarsa ƙasa, a tsakiyar kan babur kusa da makulli, yana sanye da hular kwano mai rufe haɓa. Juya ƙwayar ido ba ya isarsa, domin haɓar hular ta tare masa ƙasa, dole ya sunkuyar da kai gaba ɗaya. Idon ya baro nesa ya dawo kusa, ya nemo kibiya, ya karanta sunan hanya, sannan ya ɗago ya sake daidaita gani. A tsawon wannan lokaci ko gefen idonsa ba ya kan hanya. In akuya ta tsallako ko motar gaba ta taka birki, sai ya ɗago zai sani. Wanda shekaru suka fara ja, wanda sai da tabarau yake karanta rubutu na kusa, jinkirinsa ya fi haka.

Masu goyon bayan ɗaurawa sama, a kan sandar da ke bisa agogo, da wannan suke kafa hujja. Allon na dab da layin gani, ƙiftawa ɗaya ta wadatar, hanya kuma ba ta fita daga gefen ido. Ga shi wurin ba ya juyawa tare da kan babur, gilashi kuma na kare shi daga ruwa da ƙwari. Masu ɗaurawa ƙasa su ma suna da abin faɗa. Na'ura mai nauyin rubu'in kilo, in aka haɗa ta da mazauni aka ɗora a ƙarfen gilashin da ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba, a hanya mai gargada za ta yi ta kaɗa shi har ya tsage. Sun ƙara da cewa allo mai haske a tsakiyar gani yana jan ido ko ba a neme shi ba, musamman da dare, kuma a babur mai doguwar gaba hannu ba ya kai wa gare shi cikin sauƙi.

A ganina masu sama sun fi gaskiya, amma da sharaɗi: sai inda masana'anta ta tanadi ƙarfe don haka, ko aka sa gindin da ya kama firam ɗin babur ba gilashi ba. Ƙorafin cewa hannu ba ya kai wa bai dame ni ba, domin na'urar da ke da wuyar taɓawa ana cikin gudu ta fi zama alheri. Inda babu irin wannan ƙarfe, gefen hagu na kan babur ya fi, a gindin madubi ko bisa kusoshin da ke riƙe hannun kuloci, saboda hannun dama yana kan totur da birki. Wanda ya zaɓi kusoshin ɓangaren birki ya sani cewa ya taɓa abin da ke tsayar da shi. Sai ya sa kusoshi masu tsawon da ya dace, a ɗaure su daidai yadda littafin babur ya ce.

Ko'ina aka zaɓa, gwaji ɗaya ba ya faɗuwa. A jingine babur, a juya kansa har ƙarshen hagu, a dawo har ƙarshen dama. Kada na'urar ta daki tanki ko gilashi, kada ta rufe fitilar gargaɗin mai ko ta birki, kada ta danne bututun birki. Wasu samfuran Gold Wing tun daga 2006 suna da jakar iska da ke kumburowa a gaban mahayi idan an yi karo, don haka duk abin da aka ɗaura a hanyarta zai iya zama makami. A kuma taƙaita hannun mariƙi iya yiwuwa, domin gwargwadon tsawonsa gwargwadon rawar allon.

Waya ko na'urar musamman

Hujjar masu waya mai ƙarfi ce. Tana aljihu tun da ma, taswirarta na sabuntawa kullum, tana nuna cunkoso, tana kuma sanin sabon gidan mai da sabon masauki. Na'urar musamman kuɗinta ya kai na waya mai kyau, kuma a yankunan Afirka da dama taswirar da take zuwa da ita ba ta kai ta waya cika ba, sai an ɗora mata irin ta OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa kai ke ginawa tun 2004.

Raunin waya a jikinta yake. A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya fito ya gargaɗi masu iPhone cewa jijjigar manyan injinan babur na iya lalata kyamara. Dalili shi ne, gilashin kyamarar zamani ba a kafe yake ba, yana lilo ne a kan 'yan ƙananan sassa da ke gyara rawar hannu. Jijjigar inji ta sa'o'i tana gajiyar da su, sai hoto ya fara rawa ko ya ƙi fita sarai. Kamfanin ya ce kada a ɗaura wayar a babur mai babban inji, a ƙaramin babur ma a sa mariƙi mai robar shanye jijjiga. Masu ƙera mariƙi irin su Quad Lock na Ostareliya suna sayar da wannan roba daban. Tana ragewa, ba ta kawarwa.

Sai zafi, wanda mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Apple ya ce an tsara iPhone ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. A bazara inuwa kanta kan haura 40, balle baƙin gilashi da ke fuskantar rana, yana caji, haskensa a ƙure. Wayar kan fara da rage haske, ta daina caji, daga bisani ta rufe kanta har ta huce, kuma ba ta zaɓar lokacin da ya dace da mahayi. Jakar leda mai hana ruwa da ake sayarwa da araha ƙara dafa ta take yi. Na'urorin musamman an gina su su jure zafin da ya fi haka, allonsu na karantuwa a tsakar rana, suna jin yatsa ta cikin safar hannu. Da yawansu na ɗauke da alamar IPX7, wato sun jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Idan babur ya faɗi, abin da ke kansa shi ke fara fashewa ko yin tsalle cikin ciyawa. In wayar ce, an rasa taswira an kuma rasa hanyar kiran taimako a lokaci guda. Wannan ya sa wasu suka koma ga mafita ta uku: ƙaramin allo mai jure ruwa da ke nuno taswirar waya ba tare da igiya ba, ita wayar tana aljihu. Wasu kuma tsohuwar waya suke ware wa babur.

Maganar wuta

Batirin cikin na'ura na 'yan sa'o'i ne, doguwar tafiya sai da wutar babur. Batirin babur volt 12 ne, yakan kai wajen 14 in inji na aiki, na'urar kuwa yawanci volt 5 take so. Ƙaramin akwatin nan da ke tsakiyar igiyar wutar da ke zuwa da ita shi ke rage ƙarfin. Wanda ya yanke shi don igiyar ta yi masa tsawo, ya haɗa kai tsaye, ya ƙone na'urar.

Ra'ayi biyu ne a nan. Wasu kan ja wuta kai tsaye daga batir, don su iya tsara hanya inji na kashe. Sauƙi gare shi, amma akwatin rage wuta yakan ci gaba da tsotsa kaɗan-kaɗan ko na'urar ba ta kai. Babur ya yi makonni a ajiye, ranar tafiya a murɗa makulli a ji shiru. Waɗannan babura ba su da kiki, kuma Gold Wing ya haura kilo 350, tura shi ba wasa ba ne. Ɗaya ra'ayin, wanda ya fi aminci, shi ne a ɗauko daga layin da ke samun wuta sai an kunna makulli. Babura da yawa na da soket da aka tanada don haka a ƙarƙashin kujera ko bayan fitila. In babu, a sa rile, wato ɗan makunnin da wutar makulli ke buɗewa, shi kuma ya saki wutar batir.

Baburan zamani sun ƙara wani sarƙaƙiya. Tun daga R1200GS na 2004, BMW ke amfani da tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya ƙirƙiro, inda kwamfuta ke lura da wutar da kowane layi ke ja. Riwayan da ya saba da fere wayar fitila ya ɗaura tasa, in ya yi haka a nan, kwamfutar na iya ɗaukar abin a matsayin matsala ta yanke layin ko ta kunna fitilar gargaɗi. Fiyus kuma a kusa da batir ake sa shi, domin duk tsawon igiyar da ke tsakaninsu ba ta da kariya, ga shi ta ƙarƙashin tankin fetur take bi. A nisanta igiyar da inji da salansa, a ɗaure ta a firam, a bar mata sassauci a wuyan babur inda kai ke juyawa. A nan ne igiya ke gogewa a hankali har jan ƙarfe ya bayyana.

Doka, da abin da za a iya tsammani

Galibin dokoki hannu suke bi, ba allon ba. A Birtaniya riƙe waya ko na'urar taswira a hannu ana tuƙi na jawo tarar fam 200 da maki shida a lasisi, amma an yarda da wadda aka ɗaura muddin ba ta tare gani ba. A Nijeriya hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, na ɗaukar amfani da waya ana tuƙi a matsayin laifi. Hanya mafi tsabta ita ce a shigar da inda za a je kafin a tashi, a bar murya ta yi jagora ta lasifikar Bluetooth da ke cikin hular kwano, in ana son canji a sauka gefe.

Sabon mai na'ura zai ga gudun da take nunawa ya gaza na agogon babur, ya zaci ta lalace. Ƙa'idar Turai ta hana agogo nuna ƙasa da ainihin gudu, don haka masana'antu kan sa shi ya ɗan zarce. A miƙaƙƙiyar hanya na na'urar ya fi kusa da gaskiya. Wanda ya sayi babur na hannu daga Turai ko Amurka kuwa zai iya tarar da taswirar cikin allonsa ta can ce kawai, sai ya koma neman mariƙi duk da babban allon da ke gabansa.

Noti ma na kwancewa. Bayan tafiyar farko a sake bin kusoshin da sifana, a shafa musu maganin hana kwancewa, a kuma rufe ƙananan haƙoran wuta na mazauni idan an cire na'urar, don ƙurar hunturu da ruwan damina na cinye su. A cire ta in za a shiga masallaci ko gidan abinci, tunda mazaunin da hannu ɗaya ke buɗewa ga mai shi, hannu ɗaya ke buɗe shi ga ɓarawo. Kamfanoni irin su Touratech na Jamus suna yin mai makulli.

Illar da ta fi wuyar gani ita ce miƙa wuya ga allo. Taswira na zaɓar hanya mafi kusa ko mafi sauri. Ba ta san gadar da ruwa ya cinye makon jiya ba, ba ta san ƙaramar hukumar da aka taƙaita zirga-zirgar babura ba, ba ta kuma san dajin da mutanen yankin suka daina bi bayan la'asar ba. Waɗannan a bakin direbobin tasha da masu sayar da mai ake jin su, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mahayin da ya tsaya shan mai a garin ƙarshe kafin dogon daji, ya nuna wa direban da ya fito daga can layin da allon ya zana masa, cikin minti biyu zai ji ko a bi ko a kwana.